Ranar da Muka Kai Gwaninmu Safo

Ni ban taɓa shiga fage ba. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya zaci tsohon ɗan kokawa ne ke magana. Ko da muna yara, ƙanen abokina ma kayar da ni yake yi. Abin da na iya shi ne kallo, kuma wallahi na iya shi. Da an yanke gero ganga ta fara tashi a ƙauyuka, to komar kifina ta dinga bushewa a jikin darni ke nan, matata ta yi mita har ta gaji. Gabi, Safo, ƙauyukan bakin iyaka, ba inda ban taka ba don kawai in ga ƙarti biyu sun rungumi juna a kan rairayi.

Abin da zan faɗa ya faru ba da daɗewa ba bayan ruwan nan da ya ci tsohon garin Maraɗi. Na tsufa, na manta fuskokin mutane da yawa, amma wannan in na tuna har yau raina ɓaci yake yi.

A lokacin mu mutanen Madarumfa muna da gwani. Manomi ne daga tsallaken tabki. Gidansu ba masu salla ba ne, suna nan kan al'adar kakanninsu, amma ranar kokawa ba mai tambayar wannan, liman ma yakan aiko a ji yadda aka tashi. Gajere ne mai faɗin ƙirji, magana ba ta dame shi ba. Tun yana saurayi ba a taɓa kayar da shi ba, ko sau ɗaya. A damtsensa na dama akwai kambu na jar fata, wanda ya gada daga ubansa. Sai dai a wannan kakar furfura ta riga ta fito masa a gefen kunnuwa, kowa ya gani, kowa ya yi kamar bai gani ba.

A masu sonsa, in aka cire ni, ba kamar wana. Wana yana da murya, in ya yi ihu a bakin tabki sai tsuntsaye su tashi. Shi ne ya ɗauki gwani a wuya a Gabi shekara guda kafin nan, ya zagaya fage da shi har ya kusa faɗuwa. Babban ɗan wan nawa, da bai fi a aike shi kiwon awaki ba, har tafiyar gwani yake kwaikwayo.

Sai kuma kawu, yayan mahaifiyarmu. Tsoho ne, haƙoransa saura kaɗan, amma duk wata kokawa da aka yi a ƙasar nan tun kafin zuwan nasara tana cikin kansa. Shi ne kuma mai rabo na garinmu. Yaran yanzu da suka saba da alƙali mai usur da agogo ba su san wannan ba. A da, in manya biyu suka kama juna aka daɗe ba kaye, dattijo daga wajen baƙi yakan shiga fage ya dafa kafaɗunsu. Da hannunsa ya sauka, magana ta ƙare. Ganga ta tsaya, a ce an raba, kowa ya koma gida da sunansa. Da haka manyan gwanaye ke barin kokawa. In mutum ya ji ƙarfinsa ya fara ja baya, sai ya yi karon ƙarshe a raba, ya kwance kambunsa a gaban jama'a ya ɗaura wa wani yaro. Shi ke nan, har ya mutu ana cewa ba a taɓa kayar da shi ba.

Saura kwana kaɗan a tafi Safo, ina zaune ƙofar zauren kawu da la'asar ina ɗinkin koma, sai ga gwani. Ya durƙusa ya gaishe shi, suka yi ta gaisuwar gona da iyali. Da ya zo miƙewa na ga ya dafa ƙasa da hannu. Ban taɓa ganin ya dafa wani abu don ya tashi ba.

Ya koma ya zauna, ya ce, "Baba, gwiwar ga ta hagu ba tawa ba ce yanzu. Tun damina."

Kawu ya ce, "To mi zai kai ka Safo?"

Ya ce, "Makaɗansu sun kira sunana a kasuwa, a gaban mutane. In ban je ba, an kayar da ni ina kwance ɗaki."

Gaskiya ne. Makaɗan Safo sun zo ranar kasuwa sun yi ta kiran sunansa da ganga, suna cewa suna da yaro sabon tashi da ke neman sa. Wanda aka yi wa haka ya ƙi zuwa, ko mata a bakin rijiya ba za su bar shi ba.

Gwani ya ce, "Zan riƙe shi iyakar abin da ƙafar za ta iya. In ka ga na dube ka, ka shigo. Daga nan in kwance kambun in ba wani yaro na garin ga, in koma gonata."

Kawu ya ce, "Allah ya kai mu." Sannan ya juyo gare ni. "Kai, ka ji da kunnenka. Ni ban da ƙarfin ture mutane. Kai za ka buɗe mini hanya. Kuma in na ji maganar ga a bakin wani, ni da kai ne."

Ban gaya wa kowa ba, ko matata.

Ranar tafiya muka fita da sassafe. Rabin gari ya fito. Gwani yana gaba da makaɗanmu, samari na biye suna tsalle, wana a tsakiyarsu da sabuwar hula. Ni ina baya ina jan jakin kawu. Wanda duk ya ja jakin kawu ya san abin da ya saya, don daga Madarumfa har Safo bakinsa ba zai rufe ba. Mun bi ta gonakin da aka yanke, karan gero a kwance, gawo ya fara sabon ganye, shi kuwa yana ta zuba.

Ya ce a zamanin ubansa dafa ƙasa da hannu ba kaye ba ne, sai baya ya sha ƙasa sosai har a ga rairayi a kafaɗa. Mutanen wajen Katsina ne suka kawo ƙirga gwiwa, in ji shi, don su raggwaye ne ba su son a daɗe. Ya ce a da ba a share fage, a gona ake yi kututturen kara na tsaye, wanda ya faɗi sai ya tashi da shaida a jikinsa. Ya ce an yi wani bahago a Gabi mai ido ɗaya, wanda ba ya kama mutum sai ta gefen da ba ya gani, wai don kada tausayi ya shige shi. An yi wani dogo a Safo da ya kayar da mutum biyu a yini ɗaya, ya wuce daga fage ya je ya ɗauki damman surukinsa. Ya ce shekarar fara ba a yi kokawa ba ko'ina, sai a wani ƙauye guda, nan ma da ƙartin suka kama juna sai duk biyun suka zauna don yunwa, aka yi dariya aka watse.

Na ce, "Kawu, wannan ka faɗa mini bara."

Ya ce, "Bara ba ka da hankali. Ja jaki."

Daga nan ya shiga lissafa waɗanda suka kwance kambu da hannunsu ba a kayar da su ba. Wannan shi ya fi so. Yakan kira su ɗaya bayan ɗaya, da garin kowa da sunan makaɗinsa, kuma ba su da yawa. Da ya kai na ƙarshe sai ya dubi can gaba inda kan gwani ke leƙowa cikin samari. Ya ce, "Yau za a ƙara ɗaya, kuma namu ne. Madarumfa ba ta taɓa samu ba."

Ya kuma ba ni labarin wani da ya ƙi a raba shi, ya ture hannun dattijo, yaro ƙarami ya maka shi da ƙasa. Ya ce mutumin bai ƙara kwana garinsu ba, ya tafi cin rani Najeriya, har yau.

Mun isa Safo rana ta take tsaka. An share fage a bayan gari kusa da wata kuka, an zuba rairayin gulbi. Mutane kamar ranar kasuwa, har da waɗanda suka sauko daga kamyon, babbar motar ɗaukar gyaɗa, suka fasa tafiya Maraɗi. Mata sun jera da ƙosai da dafaffiyar gyaɗa da fura. Na sayi ƙosai a wajen wata tsohuwa, mai ya yi masa yawa, na ci duk da haka. Na nema wa kawu wuri na shimfiɗa masa buzu, amma kafin a jima samari sun cika gabanmu, namu da na Safo. In ka ce su gusa sai su dube ka kamar ka zagi uwarsu.

Aka fara da yara, sannan samari. Kawu yana kallo ta tsakanin ƙafafun mutane yana sharhi. Wancan kakansa ma haka yake sakin ƙugu. Wannan taɗiyar ta gidansu ce, a wajen kawunsa ya ɗauko. Wani ɗan Safo da ke kusa da mu ya yi gardama a kan wani tsohon karo, kawu ya gaya masa har kalar walkin da mutumin ya ɗaura. Ni dai ina jin daɗi, kamar kullum. Ba abin da ya kai zaman bakin fage da gyaɗa a hannu, ganga na dukan ƙirjinka.

La'asar ta yi sanyi aka fito da yaron Safo. Subhanallahi. Dogo ne, cinyoyi kamar turmi, ga shi fuskar yara gare shi, gemu bai gama fitowa ba. Ya zagaya fage, ya zo gaban mutanenmu ya miƙa hannu ya yi ƙure. Gwani ya tashi. Na lura da ƙafar dama ya fara miƙewa, ba wanda ya kula sai ni da kawu.

Suka kama. Abin da na gani ranar nan ban ƙara ganin irinsa ba. Yaron ya yi ta kawo hari, gwani ya kafe, yana juya shi a hankali yadda ƙafar hagu za ta zauna a baya. Yaron ya nemi ɗauka, ya kasa. Ya nemi taɗiya, ya sami iska. Gumi ya wanke su, rairayi ya manne musu a ƙafafu. Sau ɗaya ma gwani ya girgiza shi har ƙafarsa ɗaya ta bar ƙasa, matan Madarumfa suka rangaɗa guɗa, samarinmu suka haukace. An daɗe, an daɗe sosai. A ka'ida ko a nan aka raba ba mai cewa an yi son kai. Dattijon Safo da ke can ɗaya gefen har ya fara gyara rigarsa, yana jiran namu ya motsa.

Sai gwani ya ɗago kai daga kafaɗar yaron, ya dubo wajenmu.

Kawu ya ce, "Tashi mu je."

Na shiga gaba ina ture mutane da kafaɗa, ina cewa a ba dattijo hanya. Na sha zagi, wani ya taka mini ɗan yatsa, ban tsaya ba. Da na fasa sahun ƙarshe na tsaya a bakin rairayi, na miƙa hannu baya in jawo kawu, sai na kama hannun wani baƙo. Na waiwaya. Kawu ba ya bayana.

Yana can gaba kaɗan da inda na baro shi, wana ya rungume shi ta baya, ya ɗaga shi har ƙafafunsa ba su taɓa ƙasa. Dariya yake yi. Dariya fa. Ina jin muryarsa bisa ganga yana cewa, "Haba Kawu, yanzu da daɗi ya zo? Bari ya kayar da shi tukuna. Kullum ku tsofaffi sai kun ɓata wa mutane kallo." Samarinmu na kusa suna taya shi, "A riƙe tsoho, a riƙe tsoho." Kawu yana dukan hannunsa da ɗan ƙarfin da ya rage masa, hularsa ta faɗi, bakinsa na motsi ba mai jin abin da yake faɗa.

Ko da wana bai san maganar gwiwa ba, wa ya ba shi? A ina aka taɓa riƙe mai rabo? Ƙanwar tsohon nan ce ta haife shi. Mutumin da ko takalminsa bai isa ya tsallake ba, shi ya ɗaga sama kamar buhun ƙaiƙayi a gaban garuruwa biyu, don kawai idonsa bai ƙoshi ba.

Na juya zan koma, na ga gwani ya sake dubowa. Wannan karon ya daɗe yana dubawa, yana neman farin gemun kawu a cikin jama'a. Yaron Safo ba wawa ba ne. Ya ji inda nauyin ke gudu, ya sa ƙafa a bayan gwiwar hagu, ya tura. Ba wani kaye ne na a zo a gani ba. Ƙafar ce ta lanƙwashe kawai, gwani ya zauna, sannan bayansa ya kwanta a rairayi.

Safo ta ɗauka. Hula sama, guɗa, ganga kamar za ta fashe. Suka ɗauki yaronsu a wuya. Ban ga laifinsu ba, ko mu ne haka za mu yi. Shi kansa yaron, kafin su ɗauke shi, sai da ya sunkuya ya miƙa wa gwani hannu ya tashe shi. Uwarsa ta yi tarbiyya.

Namu ne suka ba ni kunya. Kafin gwani ya gama karkaɗe bayansa, gefenmu ya fara yin fili. Makaɗanmu suka rataya gangunansu. Samarin da suka yi tsalle tun daga bakin tabki suka bi hanya suna tsaki. Na ji da kunnena wani yana cewa, dama tsoho mi ya kai shi. Na duba in ga wane ne, sai na ga sabuwar hula. Wana ne. Yana cewa, "Ai mutum ya san lokacin da zai bari. Ya ja mana abin faɗa a kasuwa." Na yi kansa, mutane suka shiga tsakani. Na gaya masa maganganun da ƙane bai kamata ya gaya wa wansa ba, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba.

Mu uku muka rage, ni da kawu da gwani, sai jaki. Gwiwar ta kumbura, ba halin tafiya. Wani abokin kawu ya ba mu zaure muka kwana. Matan gidan suka kawo tuwo, gwani ya ci loma kaɗan ya ture.

Da safe kawu ya ce gwani ya hau jakin. Ya ƙi. Ya ce ba zai shiga Madarumfa bisa jaki tsoho na tafiya ƙasa ba. Ya sami kara mai kauri ya dogara. Muka biyo hanyar jiya a hankali. Gonakin nan ne, gawon nan ne, amma kawu ko tari bai yi ba. Ni da na saba roƙon Allah ya sa ya yi shiru, ranar nan da zai ba ni labarin bahagon Gabi sau goma da na saurara.

Sai da muka hango ruwan tabki yana ƙyalli, gwani ya tsaya ya huta a jikin wata bishiya. Bai dubi kawu ba, ƙasa yake kallo. Ya ce, "Baba, na dube ka. Har sau biyu."

Kawu ya sunkuyar da kai. Na gane ba zai faɗa ba. Ɗan ƙanwarsa ne, gara a ce shi ya yi sakaci da a ce jininsa ya yi wannan aika-aika. Ya ma miƙo ƙafa daga kan jaki ya taɓa ni, wai in kama bakina.

Ban kama ba. Na ce, "Ya taso. Tun duban farko ya taso. Riƙe shi aka yi."

Kawu ya ce, "Kai."

Na ce, "Kawu, ka yi mini duk abin da za ka yi. Yaya ne ya riƙe shi, ya ɗaga shi sama, wai kallo bai ishe shi ba."

Gwani ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Wanka? Wanda ya ɗauke ni a wuya a Gabi?"

Na ce, "Shi."

Ya kai hannun hagu ya shafa kambun da ke damtsensa. Kambun wanda aka kayar ba mai karɓa, ko kyauta, ba uban da zai yarda a ɗaura wa ɗansa. Ya shafa shi ya sake shafawa, sannan ya ɗan yi murmushi.

Ya ce, "Ɗansa na yi niyyar ɗaura wa."

Ya gyara karansa ya ci gaba da tafiya. A mararrabar bakin tabki ya yi mana sallama, ya bi hanyar tsallake shi kaɗai yana ɗingishi.

Kawu ya rayu shekaru bayan haka, ya ci gaba da lissafa waɗanda suka kwance kambu da hannunsu ga duk wanda ya ja masa jaki. In ya kai na ƙarshe sai ya tsaya, ya ce a ba shi ruwa. Yaron wana kuwa ya daɗe yana kwaikwayon tafiyar gwani a bayan awaki. Da ya ga yadda take yanzu, sai ya ƙara da ɗingishin, ubansa na zaune ƙofar gida yana dariya.